Yadda zaka ziyarci Trapani da ƙauyen Erice na kan dutse ba tare da hazo ya ci maka kuɗi ba

Idan Allah ya kai ka Trapani, wani gari a tsibirin Sisili na Italiya, abu na farko da zaka koya shine ɗaga kai. Da safe tun kafin ka karya, ka leƙa ta taga ko ka fito bakin titi ka dubi gabas, akwai wani ƙaton dutse da ya tsaya a bayan garin, a can samansa ne ƙauyen Erice yake, mita 751 sama da teku. In ka ga kan dutsen fes, ganuwa da hasumiya sun fito sarai, toh ranar hawa ce, duk wani shirin da kayi ka ajiye shi gefe. In kuma ka ga gajimare ya naɗa masa rawani, ka yi zamanka a ƙasa ka zaga gari, gobe ma rana ce. Ni zuwana na farko ban san haka ba, na tsara cewa ranar kaza zan hau kuma na hau ɗin, ina sauka hazo ya rufe ni, mutumin da ke gabana da taku goma bana ganinsa, na tsaya bakin ganuwa inda ake cewa ana hango tsibirai da gonakin gishiri amma banda farin hayaƙi ba abinda na gani, wallahi abun ya min ciwo don na daɗe ina burin wajen. Mutanen wajen suna kiran wannan hazon sumbatar Venus, wato gunkiyar da Rumawan da suke bautawa, kuma ko a tsakiyar zafi yana iya saukowa. Shi yasa nake cewa kada ka ba wa tafiyar nan kwana ɗaya, ka ba ta biyu in da hali uku, saboda dutsen ne zai zaɓa maka rana ba kai ba.

Trapani dai tana ƙuryar yammacin tsibirin Sisili ne a ƙasar Italiya, don haka bizar Shengen zaka nema kuma kuɗin da ake kashewa yuro ne. Akwai ƙaramin filin jirgi a Birgi kudu da garin, amma jiragen da ke sauka can ba su da yawa, yawanci mutane ta filin jirgin Palermo suke shigowa, daga nan akwai bas kai tsaye zuwa Trapani wajen awa ɗaya da ɗoriya, in kuma daga cikin birnin Palermo ka taso ka lissafa kusan awa biyu. Ka hau bas, ya fi jirgin ƙasa sauƙi a wannan hanyar. Masauki kuma ka nema a cikin tsohon gari, wato wajen da suke kira centro storico, ko da ɗakin ƙarami ne, domin komai da zaka gani da ƙafa zaka je. In ka yi hayar mota ka kula da allunan da aka rubuta ZTL, unguwannin da ba a yarda motar baƙo ta shiga ba kenan, kyamara ce ke ɗauka kuma tarar tana biyo ka har bayan watanni.

Mutane da yawa suna ɗaukar Trapani kamar tasha ce kawai, su sauka su kama jirgin ruwa zuwa tsibirin Favignana ko su wuce Erice, gaskiya wannan kuskure ne. Garin wani siririn harshen ƙasa ne da ya miƙe cikin Bahar Rum ya lanƙwasa, shi yasa Girkawa suka kira shi Drepanon, ma'ana lauje, kuma in kana tafiya a cikinsa akwai lungunan da zaka tsaya ka ga ruwa ta dama ka ga ruwa ta hagu. A cikin ruwan nan da kake kallo jiragen Kartaj, tsohuwar daular da ke inda Tunisiya take a yau, suka lallasa na Rumawa a shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan shekara takwas a 241 Rumawa suka rama a kusa da tsibiran Egadi, waɗanda kake hangowa daga bakin tasha, yaƙin da ya ƙare da Kartaj ta bar Sisili gaba ɗaya.

Ka fara da sassafe ta wajen tashar masunta, a nan zaka ga garin na ainihi kafin 'yan yawon buɗe ido su tashi. Ƙananan jirage suna dawowa, ana sauke kifi a akwatuna ana zuba ƙanƙara, masu saye suna taya wa da hannu da baki. Na tsaya na kalli wani dattijo yana gyaran koma, ya maƙale zaren da babban yatsan ƙafarsa yana ɗinki ko kallon hannunsa baya yi, hira yake da na kusa da shi. Daga nan ka miƙe yamma har ƙarshen harshen ƙasar inda Torre di Ligny take, hasumiyar tsaro ce da aka gina a 1671 lokacin mulkin Sifaniyawa saboda 'yan fashin teku, in ka zaga bayanta ba sauran ƙasa sai ruwa. Ta gefen kudu zaka hango Colombaia, tsohuwar ganuwa a kan ɗan tsibiri a bakin tasha, wadda ta daɗe tana aikin kurkuku. Sai ka dawo ta saman ganuwar arewa, Mura di Tramontana, hanya ce mai daɗin tafiya iska na kaɗa ka, zata kai ka har tsohuwar kasuwar kifi mai baka-baka, yanzu ba a sayar da kifi a wajen amma ginin yana nan.

Babban titin tsohon gari shine Corso Vittorio Emanuele, a ƙarshensa akwai Palazzo Senatorio, ginin majalisar gari mai agogo biyu a goshi, kuma dab da shi akwai wata ƙofa da ake kira Porta Oscura wadda mutane ke wucewa ta ƙarƙashinta ba su ɗaga kai ba, kai ka ɗaga, akwai agogon taurari na 1596 a samanta, fuska ɗaya ta rana ɗaya ta wata. In kana son ganin aikin hannu ka leƙa cocin Purgatorio inda suke ajiye rukunin gumaka 20 da ake kira Misteri, ranar Juma'ar da ke gaban Ista suke ɗaukarsu a kafaɗa su zaga gari kusan awa 24 ba tsayawa, in tafiyarka ta faɗo a wannan makon ka kama ɗaki tun da wuri don garin cika yake maƙil. Akwai kuma gidan tarihi na Pepoli can wajen sabon gari, abinda ya fi burge ni a ciki aikin murjani ne, don Trapani ta yi suna da sassaƙa jan murjani tun ƙarnoni.

Amma ni inda na fi daɗewa shine ƙananan lungunan da ke gabas da titin Torrearsa, masu murɗewa su shige cikin tsakar gida su mutu a can. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwa a Tunis zai ji wani abu ya motsa masa, kuma ba banza ba, tsakanin wannan kusurwa ta Sisili da Tunisiya wajen kilomita 150 ne kawai. A shekarar 827 rundunar musulmi ta taso daga can ta sauka a Mazara, kudu da Trapani kaɗan, kuma wanda ya jagorance ta ba wani sojan haya bane, alƙalin Ƙairawan ne Asad ibn al-Furat wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik. Musulmi sun riƙe wannan yankin sama da shekara ɗari biyu har 'yan Norman, mayaƙan kiristoci daga arewacin Faransa, suka karɓi Trapani a 1077. Ko bayan nan ma ba su watse nan take ba, matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubayr, ya zauna a garin a farkon 1185 yana jiran jirgin da zai mai da shi gida bayan ya dawo daga hajji, a nan ya yi ƙaramar sallah tare da musulmin garin. Dutsen Erice ɗin ma a wancan zamanin Jabal Hamid ake ce masa. Ka riƙe wannan a ranka lokacin da kake yawo, garin zai canza maka fuska.

Kuma a cikin tukunya abun ya fi fitowa fili. Abincin da Trapani ke alfahari da shi kuskus ne, su suna cewa cùscusu, da hannu ake murza garin a cikin wani faffaɗan kaskon yumɓu mai suna mafaradda ana yayyafa ruwa kaɗan kaɗan har ya zama ƙwayoyi, sannan a turara shi, a jiƙa shi da romon kifi iri iri a rufe a bar shi ya sha. Za a kawo maka shi da ɗan kwanon romo a gefe, ka riƙa zubawa da kaɗan kada ka juye duka lokaci ɗaya. In kana wajen a watan Satumba akwai bikin kuskus da ake yi a San Vito lo Capo, ba nisa. Na biyu shine busiate, taliya ce murɗaɗɗiya da ake haɗawa da miyar da ba a dafawa, tumatir da almon da tafarnuwa da ɗoɗɗoya da man zaitun a daka su tare. Waɗannan biyun da gasasshen kifi sun ishe ka kwana uku baka gaji ba.

Toh a nan sai ka yi hattara, don ni na san abinda ke damun ɗan uwa musulmi a irin wannan tafiya. Ka haddace kalmomi uku: maiale alade ne, strutto kitsen alade, vino giya. In ka ce senza maiale ko senza vino, wato banda, za su gane. Wannan dunƙulen shinkafar da ake soyawa, arancina, kada sunan al burro ya ruɗe ka ka ɗauka man shanu ne kawai a ciki, yawanci akwai yankakken naman alade, ta ragù ɗin ma, wato mai miyar niƙaƙƙen nama, sau da yawa naman gauraye ne da na alade. Cannoli kuma, kayan zaƙin nan da kowa ke yabo, ɓawonsa a al'adance da strutto da giyar Marsala ake kwaɓa shi. Kifi ma wasu suna ɗan zuba farar giya wajen dahuwa, ka tambaya, ba abun kunya bane kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai don an tambaye shi ba. Abinda zaka ci hankali kwance da rana shine pane cunzato, burodi da tumatir da cuku da ƙananan kifi masu gishiri da man zaitun, ka bi shi da granita, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi, ta lemun tsami ko ta furen yasmin wadda garin ya shahara da ita. A takardar kuɗi zaka ga an ƙara wani abu wai coperto, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta bace haka tsarinsu yake. Sannan daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana shaguna rufewa suke gari ya yi tsit, abincin dare kuma sai wajen takwas, ka daidaita cikinka da wannan.

Da la'asar ka nufi gonakin gishiri da ke kudu da gari ta wajen Nubia, ko da tasi ko da keken haya. Wuri ne da aka killace tun 1995, ruwan teku ake shigarwa daga wannan kwarin zuwa wancan, rana da iska suna ƙafar da shi har gishiri ya kwanta, tsofaffin injinan iska masu fiffike da kake gani su ne a da suke ɗaga ruwan su kuma niƙa gishirin. Daga Yuli zuwa Satumba ake kwasa, a tara shi tsibi tsibi a rufe da fale-falen jan yumɓu kamar rufin ɗaki saboda ruwan sama. Akwai ɗan gidan tarihin gishiri a cikin wani tsohon gini a Nubia. Ka tsaya har faɗuwar rana, ruwan yana komawa ja-ja, in ka yi sa'a ka ga tsuntsayen filamingo tsaye da ƙafa ɗaya. Ka shafa maganin sauro kafin magariba.

Yanzu ranar da dutse ya buɗe fuska. Hanyar da ta fi ita ce funivia, wato ƙananan akwatunan gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe suna ɗaukar mutane sama, tasharta tana unguwar Casa Santa a gindin dutsen, daga tsohon gari ba tafiyar ƙafa bace, ka hau bas na cikin gari, tikitinsa a shagunan da aka rubuta tabacchi ake saye kuma in ka shiga ka buga shi a na'ura. A tashar funivia ka ce andata e ritorno, zuwa da dawowa kenan, ya fi araha. Igiyar ta kai kilomita uku, tafiyar minti goma ce, ka zauna ta inda zaka fuskanci ƙasa saboda kana ɗagawa lauje na fitowa a gabanka gaba ɗayansa, gonakin gishiri kamar an shimfiɗa madubai, tsibiran Favignana da Levanzo a bayansu. Ka duba jadawalinta tun daren jiya, don in iska ta yi ƙarfi dakatar da ita suke, musamman iskar scirocco mai zafi da ke tasowa daga sahara, kuma da hunturu sukan rufe ta na wani lokaci don gyara. In ta tsaya akwai bas da ke hawa, hanyar dai murɗe-murɗe ce sosai, mai jin jiri a mota ya zauna gaba.

Abu biyu kada ka hau babu su. Rigar sanyi, ko da a ƙasa gumi kake, don sama duniya ce daban. Da kuma takalmi mai roba a ƙasa, saboda daɓen titunan Erice duwatsu ne da aka jera da ado kamar saƙa, ƙafafun mutane na ɗaruruwan shekaru sun goge su har suna sheƙi, in raɓa ta sauka santsi suke kamar an zuba mai. A gabana wata baiwar Allah mai takalmin fata ta zame a gangara, sai da mutane biyu suka ɗaga ta. In da tsoho ko mai ciwon gwiwa a cikinku ku bi a hankali ku riƙa hutawa, ƙauyen duk hawa ne da sauka.

Funivia zata ajiye ka a bakin Porta Trapani. Kana shiga ta hagu ga babbar cocin garin ta 1314 da hasumiyarta a ware a gefe, tsayinta mita 28, asalinta ta tsaro ce kafin a rataya mata ƙararrawa, matakalarta ta haura ɗari kuma matsattsiya ce amma ka hau, daga sama zaka gane cewa ƙauyen kusurwa uku ne kuma zaka san inda ka dosa. Yawancin mutane daga nan sai su bi babban titi inda shagunan tsaraba suke su cunkushe, ni shawarata ka bar musu, ka bi ta gefen ganuwa zuwa Porta Carmine da Porta Spada. Ka dubi ƙasan ganuwar da kyau, manya manyan duwatsu ne da Elimawa, mutanen farko na wajen, suka ɗora tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Kartaj suka zo suka ƙara, a jikin wasu har yanzu ana ganin haruffan Finisiyawa da magina suka sassaƙa. Na sa tafin hannuna a kan ɗaya, sanyi ƙalau, ba kowa a wajen sai ni da kukan iska. Wannan ɓangaren shi na fi so a duk Erice kuma shi mutane suka fi tsallakewa.

Daga nan ka ratsa ta lungu, wasu lungunan mutum ɗaya ne kawai zai iya wucewa, an matse su ne don karya iska. Ka riƙa leƙa ƙofofin da aka bari a buɗe ba tare da ka shiga ba, tsakar gida zaka gani da tukwanen furanni da rijiya, amma ka tuna gidajen mutane ne, ka sassauta murya. Mazauna saman ba su da yawa yanzu, mafi yawan jama'ar gundumar sun koma gindin dutse. Wasu tsofaffin gidajen ibadar kuma an mai da su zauren taron ilimi, akwai cibiyar kimiyya ta Ettore Majorana da masanin fiziks Antonino Zichichi ya kafa a 1963, don haka kada ka yi mamaki in ka ci karo da gungun masana da katin taro a wuya suna neman wajen cin abinci.

Ƙarshen hanyarka shine Castello di Venere, wani tsohon ginin tsaro a kusurwar da ta leƙa kan gwauron dutse, 'yan Norman suka gina shi a ƙarni na 12 a kan kufan wani ɗakin bautar Venus da matuƙan jiragen ruwa na zamanin da suke hawowa su kawo kyauta. Cikinsa kango ne mafi yawa, in lokaci ya ƙure maka ba dole ka shiga ba, lambun Balio da ke gabansa kyauta ne kuma daga nan kallon yake. Ka zaga duka ɓangarorin biyu, ta kudu gishiri da tsibirai, ta arewa maso gabas kuma dutsen Cofano ya tsaya cikin ruwa shi kaɗai, ƙasanka ga wata 'yar hasumiya mai suna Torretta Pepoli maƙale a jikin dutse. Mutanen wajen zasu ce maka in sama ta washe sosai har gaɓar Tunisiya ana hangowa. Kada ka sa ran samun masallaci a sama, ka tafi da alwalarka da 'yar sallaya mai naɗuwa, lambun yana da kusurwoyin da ba mutane, alƙibla tana kudu maso gabas, kuma matafiyi ne kai kana da sauƙin ƙasaru da jam'i.

Kafin ka sauka ka nemi genovese, wata 'yar waina ce mai cike da kirim da ake barbaɗa wa sukari, da zafinta ake ci, sana'ar kayan zaƙin nan daga gidajen mata masu zaman ibada na coci ta samo asali, haka ma na almon da zaka gani jere a gilashi. Nan ma ka tambaya ko da strutto aka yi, wasu na almon ɗin kuma ana sa musu ɗan giya. In tsaraba kake so, na almon sun fi jure tafiya, akwai kuma kwanukan tangaran masu zane da dardumar hannu da suke kira frazzata.

In zaka iya ka daure ka kai yamma a sama, wajen ƙarfe biyar manyan bas-bas na rukunin baƙi suna watsewa, titunan su koma na masu su, ka ji ƙarar takunka kaɗai a kan dutse. Ka dai tambayi lokacin tashin funivia ta ƙarshe tun sanda ka sauka daga cikinta da safe ka rubuta a waya, don lokacin yana canzawa daga wata zuwa wata, tasi kuma a sama da daddare ba a samunta da sauƙi. Ka shiga akwatin bayan magariba, ka zauna ta ɓangaren teku, fitilun Trapani zasu zana maka laujen nan da haske tun daga gindin dutse har Torre di Ligny, kuma in ka sauka ƙarfe takwas ta yi, daidai lokacin da ake fara sauke kuskus.